Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen wandon hawan dutse, da yadda ake gyara su

Wandon sofshel, wanda masu hawan duwatsu da yawa suke sakawa, ana saƙa yadinsa ne da zaren nailan ko na poliyesta, a haɗa da ɗan zaren roba domin ya riƙa miƙewa, sannan a shafa masa ta waje wani sinadari da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare. Yana tare iska gwargwadon hali, yana barin gumi ya fita, kuma ba ya daɗewa bai bushe ba. Wanda ke neman wando guda da zai yi masa aiki tun daga lokacin zafi har zuwa shigowar sanyi, irin wannan ya kamata ya nema, sai dai masu saye da yawa suna ɗora masa aikin da ba nasa ba, daga nan kuma kurakuran suke tasowa.

Mafi girma a cikinsu shi ne ɗaukar cewa wandon yana hana ruwa shiga baki ɗaya. Yayyafi da raɓar ciyawa da busasshiyar dusar ƙanƙara ba sa yi masa komai, amma idan ruwan sama ya kece ya kuma daɗe yana zuba, sai ya ratsa yadin, ya fara ta cinya da gwiwa da layin ɗinki. Wandon da ke hana ruwa da gaske yana da wani siririn shafi a cikinsa, irin na Gore-Tex, an kuma liƙe duk ɗinkinsa ta ciki, kuma sau da yawa za a ga an rubuta masa ma'aunin jure ruwa kamar milimita 10,000 ko fiye. Maganin wannan kuskure shi ne a sayi wandon ruwa marar nauyi a ajiye shi a cikin jaka, wanda ya fi dacewa kuwa shi ne mai dogon zif a gefe, domin a iya ɗora shi a kan na jiki ba tare da an cire takalmi ba. Wasu kan sayi sofshel mai shafin hana ruwa da nufin su huta da ɗaukar biyu, amma irin wannan yana riƙe gumi, ɗinkinsa kuma galibi ba a liƙe yake ba, sai mutum ya jiƙe ta ciki da waje.

Kuskure na biye da shi ya samo asali ne daga tsoron sanyi. Mutum zai ga wando mai kauri da shafi mai gashi-gashi a ciki, ya taɓa ya ji laushi, ya ce ai wannan ne na dutse. Gaskiya ne cewa zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos a duk hawan mita 1,000, don haka wanda ya baro gindin dutse ana digiri 20 zai iya tarar da digiri 7 bayan ya hau mita 2,000, tun kafin a yi maganar iska. To amma jikin mai hawa da kaya a baya yana fitar da zafi mai yawa, kuma wando mai kauri zai sa shi ya yi sharkaf da gumi tun bai yi nisa ba. Da zarar ya tsaya hutawa a inda iska ke kaɗawa, wannan gumin ne zai koma masa sanyi. Shafin da aka ɗinke a jikin wando ba ya ciruwa, alhali dogon wandon ciki na ulu ko na poliyesta ana iya sa shi da asuba a cire shi da hantsi. Saboda haka matsakaicin yadi marar shafi, tare da wandon ciki a ranar sanyi, ya fi amfani a tsawon shekara. Sai dai kada na cikin ya zama na auduga, domin auduga tana shan ruwa ta riƙe shi, ta manne a fata.

Akwai kuma masu gwada wando a tsaye gaban madubi, su ga ya zauna musu, su biya. Tsayuwa ba ta nuna komai game da hawan dutse. Kamata ya yi mai saye ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera, ya tsuguna har ƙasa, ya kuma yi dogon taku. Idan yadin ya ɗaure a kan gwiwa, ko bayan ƙugun ya zame ƙasa, ko ɗinkin tsakiya ya matse, to haka zai yi ta yi a kowane taku a kan hanya. A juya wandon a duba hantsarsa: mai kyau yana da wani ƙyalle daban da aka ɗinka a wurin, wanda ya raba nauyin da zai taru a kan ɗinki guda, gwiwarsa kuma an yanka ta da ɗan lanƙwasa. A gwada shi da wandon cikin da za a sa lokacin sanyi, da kuma takalmin tafiyar, domin tsawon ƙafa yakan canza da takalmi.

Ƙugu da aljihu su ne aka fi mantawa da su, alhali ɗamarar jakar baya a kansu take zama. Babban maɓalli, ko ƙarfen bel mai tudu, ko madaukai masu kauri, idan ɗamara ta danne su na tsawon yini sai su goge fata a kan ƙashin ƙugu har ta yi ja. Ƙugu mai faɗi wanda ya kwanta lif, da siririn bel na yadi a cikinsa, shi ne abin nema. Aljihun gefe ma ɗamarar takan rufe bakinsa, don haka aljihun cinya mai zif ya fi sauƙin kaiwa, muddin ba a cika shi da kaya masu nauyi da za su riƙa bugun ƙafa ba.

Zif na shan iska a gefen cinya abu ne da ake rainawa, amma shi ne ke sa a iya jure wando guda a ranar da aka wayi gari da sanyi aka yi azahar da zafi. Bakin ƙafar kuma ya kasance ana iya tsuke shi a kan takalmi don kada tsakuwa ta shiga. Wanda hanyarsa ke da kaifin duwatsu ya fifita nailan, domin ya fi poliyesta jure gugar dutse, ko da yake poliyesta ta fi shi saurin bushewa.

Sauran kuskuren yana zuwa ne bayan saye. Wasu suna gudun wanke wandon don kada sinadarin da ke korar ruwa ya fita, alhali datti da maiƙon jiki su ne ke kashe shi. Wasu kuma suna zuba masa ruwan tausasa tufafi, wanda ke barin wani shafe a kan zare har yadin ya koma shan ruwa. A rufe duk zif, a wanke shi da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun ruwa da aka yi domin irin waɗannan kaya, a ɗauraye sosai. Bayan ya bushe, ɗan zafi kaɗan yana farfaɗo da sinadarin, ko a injin busar da kaya, ko da dutsen guga marar zafi sosai an shimfiɗa ƙyalle a tsakani, idan takardar da ke jikin wandon ta yarda da hakan. Daga nan a yayyafa ruwa a cinyarsa a duba. Idan ya dunƙule ya gangare, shi ke nan. Idan kuwa wurin ya yi duhu ya jiƙe, lokaci ya yi da za a sake fesa masa sabon sinadari, a fi mai da hankali kan gwiwa da mazaunai da bakin ƙafa.