Kafin ka sayi fili a Kasoa ko Amasaman, ƙirga hanyoyin fita

Jama'a, duk wanda haya ta ishe shi a Nima ko Mamobi yana shirin kama fili a bayan gari, Kasoa ne, Amasaman ne, Oyibi ne, ga abin da na koya, kuma da kuɗina na koye shi. A ƙidayar 2021 Greater Accra ta haura mutum miliyan 5, gari sai miƙewa yake, amma gidaje ke riga hanya zuwa, sai an gama gini ake tunawa da titi.

Tun kana ɗaki buɗe Google Maps ka ƙirga hanya nawa ce ke fitar da kai daga filin zuwa babban titi. In ɗaya ce tal, ja da baya. Ranar da tifar yashi ta maƙale a bakin janshin ɗin nan duk unguwa an kulle ku, ba trotro, ba tankar ruwa, in mai naƙuda ce sai dai okada. Mu da muka tashi a Nima muna raina lungunanmu, alhali kowane lungu yana ɓullewa wani lungun, da ƙafa ka kai kasuwa ka kai makaranta, su kuwa sababbin unguwannin nan titi ga faɗi amma ka bi shi sai ka ci karo da katanga.

Sai ka je da kanka, da ƙafa, kar ka yarda ejen ya kai ka a mota. Taka daga filin zuwa inda trotro ke tsayawa kana duba agogo.

Ga inda aka cuce ni. Sait plan ɗina, wato taswirar filin, ya nuna hanya ta bayan gida, bayan shekara 2 mai filin ya yanka hanyar ya sayar, wani ya zagaye ta da bulo, yanzu masallacin da nake jin kiran sallarsa kamar a tsakar gidana sai na yi zagayen minti 15. Don haka ɗauki sait plan ka je sashen tsara gari na Asambili, wato ƙaramar hukumar yankin, ka ce a nuna maka leyawut, wato tsarin unguwar, da aka amince da shi, ka ga ko hanyar na ciki da gaske, sannan ka yi sac, wato binciken takardun filin, a hukumar filaye ta Lands Commission. Takardar sarki kaɗai ba ta wadatar ba wallahi.

Kar gadar Pokuase ta hanyar Amasaman da aka buɗe a 2021 ta ruɗe ka, gada ba ta gyara jar ƙasar da ke tsakaninta da ƙofarka. Koma wurin a watan Yuni bayan ruwa mai ƙarfi, in kuma ɓangaren Weija ne tambayi maƙwabta inda ruwa ke kaiwa duk sanda aka buɗe dam, za su nuna maka shaidarsa a jikin bango.