Kurakuran da aka fi yi a aikin ƙwayoyin T masu kisa da ɓerayen gwaji

Duk shekara ɗalibai a nan Damagaram, musamman masu shirin ƙaro karatu a waje, sukan kawo mini tsarin bincike kan yadda ƙwayoyin T masu kisa, wato CD8, ƙwayoyin garkuwar jiki da ke kashe ƙwayar da ta kamu, ke yaƙar bairos a jikin ɓerayen da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Kuskuren bara shi ne na bana, na kuma gaji da gyara wa mutum ɗaya-ɗaya.

Mafi muni shi ne rashin sanin asalin ɓeran. Ƙwayar T ba ta ganin bairos kai tsaye, sai ƙwayar da ta kamu ta ɗora guntunsa a kan MHC, wani sunadari da ke bayanta wanda ya bambanta daga irin ɓera zuwa wani, ta nuna mata. Wannan ne Zinkernagel da Doherty suka gano a Ostireliya da wani bairos ɗin ɓeraye mai suna LCMV, ya kai su ga kyautar Nobel a 1996. Ɓeran P14 shi ne wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta, ake ciro ƙwayoyin T ɗinsa a zuba wa wani ɓera; guntu ɗaya na LCMV suka sani, gp33, shi ma sai a kan MHC mai suna H-2Db, na irin ɓeran da ake kira C57BL/6. Ka zuba su cikin wani irin ɓera, BALB/c, mai MHC daban, wato H-2d, jikinsa zai kashe su a matsayin baƙi.

Jinsi ma haka. A wani ɗakin gwaji da na yi aiki a waje, wani sabon zuwa ya ciro ƙwayoyi daga saifar ɓera namiji ya yi wa ɓeraye mata allurarsu. Makonni kaɗan suka ɓace daga jini, muka dinga neman dalili a wurin bairos, ashe garkuwar matan ce ta gane sunadaran maza ta share su. Aikin watanni ya tafi a banza saboda harafi ɗaya da bai duba ba a katin keji! Wallahi wannan ba ƙarancin ilmi ba ne, ganganci ne. Ni yanzu ba na barin kowa ya taɓa sirinji sai ya karanta mini katin da babbar murya: iri, jinsi, ranar haihuwa, CD45.1 ne ko CD45.2, alamar da ake bambanta ƙwayoyin da aka zuba da na mai karɓa.

Sai zarin yawa. Ɓeran da bai taɓa kamuwa ba, ƙwayoyin da suka san guntu guda a jikinsa ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba. Kai kuma ka ɗura masa miliyan don hoto ya yi kyau. Martanin zai yi gaggawar kai ƙololuwa, ya sauya kama, in kuma nau'in LCMV mai suna Clone 13 ka sa, yawan nasu na iya kashe ɓeran. Wasu na da hujjarsu, amma ni ba na wuce ƴan dubbai.

Sauran ƙanana ne. Nau'in LCMV na Armstrong ba Clone 13 ba ne: na farko jiki na kawar da shi, ƙwayoyin T na kai ƙololuwa wajen rana ta 8, na biyu na daɗewa har su gaji, PD-1, sunadarin da ke taka musu birki, ya yawaita a kansu. Mutuwar wajen kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin bayan ƙololuwa ƙa'ida ce, ba gazawa ba. Ɓeran kwatance ya kasance ɗan uwan na gwajin, ciki ɗaya.

Mai tunanin ɗana tarko a Birni ko Zango don samun ɓeraye da araha, ya bari. Ba ka san MHC ɗinsu ba, kuma ɓeran gida ne ke ɗauke da LCMV, dangin bairos ɗin Lassa; LCMV na kama mutum, yana kuma illata ɗan tayi a cikin mai juna biyu.