Yadda nake lura da namun daji da shara a wurin haƙar kuza

Wurin aikinmu yana kusa da Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, ba nisa da dajin Falgore, don haka dabbobi ba sa raba mu da ziyara. Ga yadda nake yi.

Da an sallame asuba, kafin a tayar da injina, ka zagaya bakin kududdufan wanke ƙasa. Laka ba ta ɓoye sawu. Na gada ƙanana ne masu tsaga biyu, na dila kamar na ɗan kare, guza kuwa jan wutsiyarsa ke tona masa asiri. Rubuta rana, wuri da abin da ka gani a littafi ɗaya, ka ɗauki hoto da waya, ka ajiye ashana kusa da sawun don a gane girmansa. Kada ka bi dabba, balle ka ba biri abinci. Na taɓa yi, har yau ina nadama, don sun mai da rumfarmu gidan kawunsu.

Shara kuma, baƙin mai ya fi damuna. A zuba shi a duro mai murfi, nesa da rafi. Tsohon batir a keɓe shi, akwai dalma a ciki, kuma kowa ya tuna yaran Zamfara da gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta kashe a 2010. Ragowar tuwo a binne da zurfi, leda a tara a buhu.

Ramin da aka gama da shi a cike. In ba hali, a sassaƙe gefe ɗaya ya yi gangara, domin abin da ya faɗa ya iya fitowa, ko akuyar Fulani ce.