Yadda Ake Gina Harɗaɗɗiyar Jimla a Turanci

Harɗaɗɗiyar jimla a nahawun Turanci ita ce wadda ta ƙunshi ganga (wato ɓangaren jimla) biyu ko fiye, kowanne da aikau (mai yin aikin) da aikatau (kalmar aikin) nasa, kuma kowanne zai iya tsayawa da ƙafarsa idan aka raba su. Don haka, kafin ka haɗa komai, ka karanta kowane ɓangare shi kaɗai ka ji ko maganar ta cika.

Idan ta cika, sai ka sa waƙafi a ƙarshen ganga na farko, ka biyo shi da ɗaya daga cikin mahaɗai 7: for, and, nor, but, or, yet, so. Misali: "The rain stopped, but the road was still wet." Zaɓen mahaɗin shi ne ainihin aikin, domin "but" saɓani yake nunawa, "so" kuwa sakamako. Shi "nor" yana da nasa hali, yakan sa mataimakin aikatau (kamar "did") ya zo kafin aikau: "She did not call, nor did she write."

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne haɗa gangunan da waƙafi kaɗai, ba mahaɗi. Ana gyara shi da waƙafi mai ruwa (;), wanda a ganina ɗalibai ke gudu ba gaira ba dalili: "The lamp failed; we lit a candle." Haka kuma "however" ba ya cikin mahaɗan nan, don haka waƙafi mai ruwa ake sawa kafinsa, a sa waƙafi bayansa.