Yadda za ka koyi gane lemar kwaɗi a damunar Legas

Duk wanda ya taso a Kano ko Katsina ya zo Legas, damuna ɗaya ta ishe shi ya lura cewa ƙasar nan na fitar da lemar kwaɗi fiye da yadda ya saba gani. A gida sai ruwa ya zauna sosai a Yuli da Agusta kake ganin ɗaiɗaiku a gindin bishiya ko kan juji. Nan kuwa daga Afrilu zuwa Yuli, sannan Satumba da Oktoba bayan ɗan tsagaitawar Agusta, kututture da ruɓaɓɓen katako da tukunyar fulawa, kowanne da irin tasa. Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare a Agege, kuma babu ɓangaren darasina da nake ƙauna kamar wannan. Idan yaro ya kawo mini ita, tambayarsa ta farko ita ce, “Malam, ana ci?” Ni kuma nakan ce ya fara gaya mini a kan me ya same ta, domin abin da take ci shi ne ke kai mutum ga sunanta.

Lemar kwaɗi ba tsiro ba ce, kodayake daga ƙasa take fitowa. Ba ta da koren sinadarin da ganye ke haɗa abinci da shi daga hasken rana, kuma bangon ƙwayoyin jikinta na citin ne, sinadarin da ke cikin ɓawon fara da kyankyaso. 'Yar uwar funfunar burodi ce da yis. Tun 1969 masanin nan Robert Whittaker ya ware su a rukuninsu na daban, wato fungi. Ainihin jikin halittar farin zare ne siriri da ke ratsa ƙasa ko itace, yana fitar da ruwan narkarwa yana tsotse abin da ya narke. Ɗaga ruɓaɓɓen katako a bayan gida, za ka ga farar saƙa manne a ƙarƙashinsa: ita ce. Lemar da ke ɓullowa sama gaɓar haihuwa ce kawai, aikinta ta watsa garin iri, ƙwayoyin da ido ba ya ganin guda ɗayansu. Kusan kashi 90 cikin ɗari nata ruwa ne, shi ya sa take kumbura a dare ɗaya bayan an sha ruwa, kuma shi ya sa take komawa wuri guda kowace shekara muddin abincin bai ƙare ba.

Kayan aikin ba su da tsada. Wuƙa mai ƙarfi, kwando, tsohuwar jarida, littafin rubutu, gilashin ƙara girma mai ninki goma, da wayarka. Kada ka sa ta a leda. A zafin Legas kafin ka isa gida ta zama ruwa. Ka naɗe kowace iri daban a jarida. Ka sa takalmin roba mai tsawo, ka taɓa kututture da sanda kafin ka kai hannu, saboda maciji da kunama. Fita da sassafe, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai ƙarfi.

Kafin ka taɓa ta, ɗauki hoto a inda take, har da abin da ta tsiro a kai. Sannan ka tono ta gaba ɗaya. Ina nanata wannan domin yawancin masu koyo tsinkewa suke yi daga tsakiyar kara, su bar shaida mafi muhimmanci a binne. Sa wuƙa nesa da gindin, ka ɗago ƙasar a hankali. Ka duba ko gindin na zaune cikin wani ƙoƙo ko jaka, ko ya kumbura, ko ya zarce ƙasa da dogon jela. Ka duba ko akwai zobe a wuyan karan. Juya hular: haƙarƙari ne a jere a ƙarƙashi, ko ƙananan ramuka, ko sumul? Idan haƙarƙari ne, sun manne da kara, sun gangara a jikinsa, ko sun tsaya ba su taɓa shi ba? Tsaga ta biyu daga sama har ƙasa, ka jira minti biyar ka ga ko naman ya canza launi. Sansana. Rubuta komai nan take, domin launi da ƙamshi ba sa jiran ka koma gida. Taɓawa ba ta cutarwa, sai dai ka wanke hannu kafin ka ci abinci.

Masu cin mataccen itace su ne suka fi yawa a Legas, kuma da su nake so mai koyo ya fara, don ba sa saurin ruɓewa. Schizophyllum commune ƙarama ce, fara-fara mai gashi, ba ta da kara, tana jeruwa a jikin gungume. Ka sa gilashi za ka ga kowane haƙarƙari a tsage biyu, yana naɗewa idan ya bushe ya buɗe idan ya jiƙe. Auricularia ruwan ƙasa ce, mai laushi da santsi, da siffar kunne. Lentinus squarrosulus fara ce mai ƙananan ɓawo-ɓawo a hula, tsakiyarta a lotse, namanta da tauri, kuma mutanen kudu na sa ta a miya. Ganoderma kuwa tauri gare ta, samanta ja mai sheƙi, ƙarƙashinta ramuka. Idan ka gan ta a gindin itacen manja mai rai, itacen na ruɓewa daga ciki. A Lekki akwai dajin da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya ta keɓe tun 1990, kuma a kan gadar katakon da ta ratsa shi za ka ga yawancin waɗannan. Can hoto kawai ake ɗauka, ba a tsinka. Idan kana son wadda za ka tafi da ita gida, nemi gonakin Ikorodu da Epe da Badagry, ka nemi izinin mai gona.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta suri. Akwai garar da ke noma ta a cikin gidanta: ma'aikatan gara na tauna itace da busasshiyar ciyawa, su gina wani soso da abin da suka kasayar, zaren ya bi ya narkar da shi, su kuma su ci. Ba a samun ɗaya ba tare da ɗayan ba. Masanin Faransa Roger Heim ne ya sa wa wannan dangi suna Termitomyces a 1942. Da ruwan farko ya sauka, sai lemar ta taso daga can cikin sosan, ta huda ƙasa mai tauri da wani tsini da ke tsakiyar hularta. Saboda haka alamominta biyu ne: tsinin nan a ka, da doguwar jela a ƙarƙashi. Bi jelar da haƙuri da wuƙa, za ta kai ka har ɗakin gara, kuma zago zai fito ya cije ka idan ka yi sakaci. Wani lokaci ba za ka ga suri a sama ba, gidan na ƙarƙashin ƙasa. Akwai kuma ƙanƙanuwar cikinsu, Termitomyces microcarpus, wadda ba ta da jelar. Farare ne ƙanana da ke fitowa ɗaruruwa a kan tarkacen da gara ta turo waje. Yarbawa sun san wannan dangi sarai, kowanne da sunansa. Idan ka ga dattijuwa ta kasa su a kasuwar ƙauye, durƙusa ka gaishe ta, ka ce, “Mama, a ina ake samun wannan, kuma wane wata?” Abin da za ta gaya maka a tsaye ya fi na littattafan da aka rubuta don dazukan Turai, waɗanda yawancin abin da ke cikinsu babu shi a nan.

Wanda ba shi da lokacin shiga daji ma yana da hanya. Wurin masu sayar da kayan miyar Ibo akwai wani dunƙule mai ruwan ƙasa a waje, fari a ciki, da ake daka shi a haɗa da agushi. Ma'ajiyar abincin wata lema mai suna Pleurotus tuber-regium ce. Sayi guda, ka binne shi sama-sama a bokitin yashi mai danshi, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan ɗan lokaci zai fitar da lema mai siffar mazurari, ka kalli girmanta tun daga tsiro.

Gwajin da ba na yafe wa kowa shi ne na launin garin iri. Yanke hular wadda ta buɗe sosai, ka kifa ta rabi a kan farar takarda rabi a kan baƙa, ka rufe da kofi, ka bar ta ta kwana. Da safe za ka tarar da zanen haƙarƙarin a takardar. Ga abin da ya sa yake da muhimmanci. A filayen ciyawa na makarantu da gidaje akwai wata babbar farar lema mai kyan gani, da zobe a wuya da ɓawo mai ruwan ƙasa a hula, sau da yawa a jere cikin da'ira. Sunanta Chlorophyllum molybdites. Tana ƙarama haƙarƙarinta fari ne tas, amma garinta kore-kore ne, kusan launin garin kuka, kuma wanda ya ci ta zai sha amai da gudawa mai tsanani cikin awa ɗaya zuwa uku. Ta suri kuwa garinta ruwan hoda ne mai haske. Haka Volvariella volvacea, wadda ke fitowa a ruɓaɓɓen itacen manja kuma ake cinta: tana da jaka a gindi, ba ta da zobe, garinta ruwan hoda. Dangin Amanita ma suna da jaka ko kumburi a gindi, amma garinsu fari ne, yawancinsu da zobe, kuma daga ƙasa suke fitowa kusa da bishiya mai rai, domin zarensu na haɗe da saiwarta. A cikinsu ake samun mafi kisa a duniya. A Amurka da Ostireliya an sha samun baƙi daga Asiya da suka ɗauki Amanita phalloides a matsayin Volvariella ta ƙasarsu, suka rasa hanta. Amanita da Volvariella, tun suna ƙanana kafin su buɗe, ko gwani ba ya yarda da idonsa a kansu.

Ƙananan masu ruwan ƙasa da ke kan kashin shanu, da 'yar rawaya da ke fitowa a tukunyar fulawa, rubuta su ka ɗauki hoto, ka kau da su daga inda yara ke wasa. Manhaja irin iNaturalist na da amfani wajen adana hoto da samun ra'ayin masana, amma hasashenta ba izinin ci ba ne.

Shawarata ga mai koyo ita ce damunarsa ta farko kada ya kai komai baki. Bayan haka ma, sai abin da ya tono gaba ɗaya, ya gwada garinsa, kuma wani da ya daɗe yana cin wannan iri a wannan yanki ya riƙe a hannu ya tabbatar. Ko mai kyau ce, idan ta fito a bola ko gefen titi ko kusa da garejin makanikai, a bar ta, domin tana tara dalma da sauran ƙarafa masu guba a jikinta. Maganar cewa wadda tsutsa ko dodon koɗi ya ci ba ta da lahani ƙarya ce, haka batun cokalin azurfa da ke baƙi. Dafawa da shanyawa ba sa kashe dafin Amanita.

Dafin nan yana da yaudara. Mutum zai yi awa 6 zuwa 24 lafiya lau, sannan amai da gudawa su taso, sannan ya ji sauƙi kamar ya warke, alhali hantarsa na lalacewa. A rana ta uku zuwa ta biyar ido ya yi rawaya. Don haka idan wani ya ci wadda ba a tabbatar ba, musamman yaro, kada a jira alama, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. A kai shi babban asibiti, irin asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja, a tafi da ragowar lemar ko ta miyar a naɗe, a gaya wa likita ƙarfe nawa aka ci da mutum nawa suka ci, kuma duk wanda ya sa hannu a kwanon a duba shi ko da bai ji komai ba.