Yadda Ake Zaɓar Wurin Ɗaura Akwatin Wutar Filogi a Tsohuwar Mota

Tsofaffin motoci masu kafireto da distiributa sun fito ne da kwantak, wanda shi ke yanke wuta ya sa koyil ya aika tartsatsi zuwa filogi. Masu gyaran irin waɗannan motoci da dama sukan ƙara musu akwatin wuta na lantarki, kamar MSD 6AL, domin tartsatsin ya yi ƙarfi, injin ya riƙa tashi ba wahala. Akwatin yana tara wuta a cikinsa sannan ya sake ta ga koyil da ƙarfin da ya haura bolt 400, kuma idan juyin injin bai kai 3,000 a minti ɗaya ba, yakan ba kowane filogi tartsatsi fiye da ɗaya. Kayan da ke cikinsa ba sa jure zafi mai tsanani, da ruwa, da jijjiga, don haka wurin da aka ɗaura shi ne ke tabbatar da ko zai yi shekaru yana aiki ko kuwa zai riƙa kashe mota a kan hanya.

Kafin komai, a duba wane kan batir ne aka haɗa da jikin motar. Motocin Ingila da yawa da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1960 fozitif ne ke haɗe da bodi, alhali kuwa mafi yawan waɗannan akwatuna an yi su ne don motar da nagatif ke haɗe da bodi, mai batir bolt 12. Idan motar irin ta farko ce, sai an sauya tsarin wayarinta tukuna.

Mataki na gaba shi ne gano inda zafi yake, kuma a nan ne ya kamata a fi ɓata lokaci. A tuƙa motar har injin ya ɗauki zafinsa sosai, a tsaya, a kashe, a bar bonet a rufe na ɗan lokaci, domin a daidai wannan lokacin ne zafi ke taruwa a ƙarƙashinsa tunda fanka ta tsaya kuma iska ba ta shiga. Daga nan a buɗe, a kai hannu da hankali kusa da wuraren da ake tunani. Duk inda tafin hannu ba zai iya zama a kai ba, bai dace da akwatin ba. Abin da ya fi komai haɗari shi ne bututun da hayaƙi ke fita daga injin zuwa salansa, domin zafinsa yana dukan duk abin da ke fuskantarsa ko da akwai tazara a tsakani. A injin mai silinda huɗu ko shida a jere, bututun yana gefe ɗaya ne, don haka ɗaya gefen shi ne zaɓi. A injin V8 kuwa, wato mai silinda takwas a layi biyu, bututun yana gefe biyu, sai a nemi wuri can gaba ko can sama. Bayan lagireto ma ba wuri ba ne mai sanyi, domin iskar da ta ratsa shi da zafinta take fitowa.

A cikin ɗakin inji, wurare biyu ne aka fi amfani da su. Na farko shi ne ƙarfen da ya rufe tayar gaba daga ciki, musamman ɓangarensa na gaba inda iska ke ratsawa. Na biyu shi ne bangon da ya raba inji da mazaunin fasinja, wanda yake kusa da distiributa a motocin da distiributarsu ke bayan inji, kamar ƙaramin V8 na Chevrolet. Illar bangon ita ce ruwan sama da ke gangarowa daga ƙasan gilashin gaba da gefen bonet yakan bi ta kansa. Saboda haka, ko'ina aka zaɓa, a zuba ruwa a kan motar bonet na rufe, sannan a buɗe a ga inda ya bi. A ɗaura akwatin ta yadda wayoyin za su fito ta ƙasa ko ta gefe, kada ruwa ya bi waya ya shiga ciki. Kada a ɗaura shi a jikin injin kansa, kuma kada a manna shi da batir, domin tururin ruwan batir yana cin ƙarfe da bakin waya.

A ganina, wanda ke son motarsa ta ci gaba da kama da yadda ta fito daga kamfani, gara ya shigar da akwatin cikin mota, a ƙarƙashin dashbod ta gefen fasinja. Can babu zafin inji, babu ruwan wanki, kuma mai buɗe bonet ba zai ga baƙon abu ba. Sai dai ɓoyewa tana da iyaka. Akwatin da kansa yana ɗumi idan yana aiki, kuma ta jikinsa yake fitar da zafin, shi ya sa kamfanin MSD bai yarda a rufe shi a cikin aljihun dashbod ba. Haka nan kada a lulluɓe shi da kafet, kada kuma a sa shi ƙarƙashin na'urar ɗumama mota, wadda idan ta tsufa takan ɗigar da ruwan lagireto daidai wurin ƙafar fasinja. A kuma sani cewa wasu akwatunan suna yin ɗan ƙara siriri da ake ji a cikin mota mai shiru. A Volkswagen Beetle, wadda injinta ke baya, ƙarƙashin kujerar baya yana da amfani tunda batir yana can, amma a bar tazara tsakaninsu.

Idan wuri ya kwanta a rai, kada a huda komai tukuna. A riƙe akwatin a wurin, a miƙa kowace waya zuwa inda za ta. Kaurara biyu, ja da baƙa, kai tsaye suke zuwa batir, ja ga fozitif, baƙa ga nagatif ko jikin inji mai tsabta marar fenti. Idan ba su kai ba, a ƙara da waya da ta fi su kauri, a narka dalma a mahaɗin. Siririyar ja tana buƙatar cikakken bolt 12 daga makunni, lokacin da ake tada inji da lokacin da yake aiki, kuma tsofaffin motoci da yawa suna da abin rage wuta a kan layin koyil, don haka a gwada da mita kafin a ɗauko daga can. Wayoyin da suka fi kawo matsala su ne sirara biyu masu ɗauko sigina daga distiributa mai maganaɗisu, wato wadda ke aiki da maganaɗisu a maimakon kwantak. Siginar tana da rauni, kuma idan suka kwanta tare da wayoyin filogi ko wayoyin da ke zuwa koyil, sai akwatin ya ɗauki siginar ƙarya, injin ya riƙa tsallake wuta ko harbi. A murɗe su tare, a bi da su jikin ƙarfen mota su kaɗai, idan kuma dole su haɗu da wata waya, su gitta ta, kada su jera. Wurin da ba zai ba da damar raba waɗannan hanyoyi ba, a bar shi komai sanyinsa.

Sai ɗaurawa. A cire kan batir na nagatif, a leƙa bayan ƙarfen da za a huda don kada a taɓa bututun birki, ko na mai, ko damin wayoyi. Wanda ba ya son huda jikin motarsa yana iya yanka farantin alminiyom, ya ɗaura shi a ramukan da ke akwai, sannan akwatin ya hau kansa. A sa ƙafafun roba tsakanin akwatin da ƙarfe, su rage jijjiga su kuma bar iska ta bi ta ƙasa. Duk ramin da waya za ta ratsa a sa masa zoben roba, kuma a bar sarari yadda hannu zai kai ga wurin saita iyakar juyin inji da ke jikin akwatin ba tare da an kwance komai ba.

Bayan an tada motar, a yi tafiya mai ɗan nisa har da tsayuwa cikin cunkoso, sannan a taɓa akwatin. Ɗumi ba laifi ba ne, amma idan yana ƙona hannu, a sa masa garkuwar alminiyom tsakaninsa da bututun hayaƙi ko a sauya masa wuri. Idan kuma aka kashe makunni inji ya ƙi mutuwa, wuta ce ke dawowa ta layin fitilar caji, kuma ƙaramin diyod, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kan wannan layin yana magance matsalar.