Wasiƙun Turawa da "an" ɗinmu na Hausa

Ɗan uwa da ka sauka Ingila kwanan nan, kafin ka saba da sanyi wasiƙu za su fara faɗowa ta ramin ƙofa: daga asibiti, daga banki, daga ƙaramar hukuma. Yawancinsu ba sa faɗin wanda ya yi aikin. Malaman Turanci na kiran wannan salo passive voice, sunan har tsoro yake ba mutane, alhali mu tun muna goye muke jin sa. Ba komai ba ne illa "an", "ana" da "za a".

In ka ga "your application has been received", an karɓi takardarka ke nan, ba a ce an amince ba, kada ka yi saurin buga waya gida. "It is being processed", ana kan dubawa. "A letter will be sent", za a aiko. Ka lura da been da being: a kunne kusan ɗaya suke, amma na farkon an sauke tukunya, na biyun tana kan wuta.

Inda muka fi tuntuɓe shi ne abin da ya wuce. Bahaushe "na ci" kawai zai ce, ko jiya ne ko yanzun nan. Bature ya raba su biyu. In ka ambaci lokacin, "I ate yesterday". In ba ka ambata ba, kuma maganar ta shafi yanzu, "I have eaten". Haka "ina nan tun 2023" ba "I am here" ba ne, "I have been here since 2023" ake cewa. Wannan zai yi maka rana gaban likitan unguwa, wanda galibi minti 10 yake ba mutum. Ka ce "I had pain", ya ɗauka ciwon ya tafi. "I have had this pain for three days" ita ce ke nuna har yanzu kana fama.

Sai wata ɗabi'armu. Kunya ta hana mu cewa "ni na yi", sai "an ɗan taɓa". A gida tarbiyya ce, a intabiyun neman aiki kuwa asara. Mai tambaya so yake ya ji "I trained five people", ya san hannunka ne. Masu aikin kula da tsofaffi su kan buƙaci salon biyu a rahoto ɗaya: "medication was given at 8", sannan "I found her on the floor", domin in abu ya faru dole a san wa ya gani.

Atisayen ba ya cin kuɗi. Ɗauki wasiƙa ɗaya kullum, ka ja layi ƙarƙashin kowane was, been da being, ka fassara da "an" ko "ana", sannan ka juya jimlar ka sa mai aikin a gaba. Da dare ka faɗi abu uku da ka yi yau, da babbar murya, ko da bango ne ke saurare. Ka kuma tambayi kwalejin unguwarku ajin ESOL, wato ajin koyon Turanci na waɗanda ba harshensu ba ne. Mai niyyar zama ɗan ƙasa wata rana, jarrabawar magana ta matakin B1, wato matsakaicin Turanci, da hukumar jarrabawa ta Trinity College London ke shiryawa minti 10 ce, kuma for da since na cikin abin da ake sa wa kunne.